Neville, Ga Amsata a Kan Waƙar Malcolm

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, Allah ya yi wa Neville Ackrill rasuwa a wani asibiti a Landan, yana da shekara hamsin da tara. Ciwon daji na huhu ne ya zama ajalinsa. Ni Lorraine Stathers, wadda ta buga masa ganga shekara takwas a nan Hull tun kafin duniya ta san sunansa, a rediyo na ji, ina tsaye a kantin maganin da nake aiki, ina miƙa wa wata tsohuwa maganin tari. Mai karanta labarai ya faɗi sunanka, Nev, ya ce ƙasa ta yi babban rashi, sannan aka saki waƙar nan taka da kowa ya sani. Ban ma san ba ka da lafiya ba. A watan Yuni muna ɗaki ɗaya da kai, ka rungume ni, ka ce mini sanyi ne kawai ya kama maka ƙirji.

Jaridu sun yi ta yabonka, kuma yawancin abin da suka faɗa gaskiya ne. Ba don in ƙara a kan nasu na zauna rubutu ba. Bayan jana'iza matarka Philippa ta yi mini wata tambaya, wadda kai ka bar mata wasiyyar ta yi mini: ko na yarda a fitar da faifan waƙar yayana marigayi Malcolm, wanda ka sa aka ɗauka a ɓoye ranar wasanmu na ƙarshe. Ta ce in na ce a'a, ba za a fitar ba. Na roƙi ta ba ni lokaci. Zan ba da amsar a nan, amma sai na fara faɗin ko kai wane ne a wurina, don kada wani ya ɗauka ƙiyayya ce ke magana.

Mu huɗu ne muka kafa ƙungiyar: kai a waƙa, ni a ganga, Graham Pybus da Duncan Oxtoby a kan jita. Muka sa mata suna Ƙanƙarar Kifi, don dukkanmu babu wanda gidansu ba ya cin abinci daga tashar jiragen ruwa. A ɗakin sama na mashayar Madam Cawkwell muke wasa, ɗakin da in ya cika, gumin mutane sai ya taru a silin ya riƙa ɗiga a kan gangunana. Ba mu iya kiɗa sosai ba a farko, amma mun iya girman kai. Ba ma hulɗa da manyan kamfanonin faifai. Ba ma sa fuskarmu a jikin kwalin faifai. Mu muke buga faifanmu, mu naɗe kwalayen da hannu a kan teburin mahaifiyata, tana dama mana shayi tana yi mana dariya. Duk mawaƙin da muka gani a talabijin yana motsa baki ba shi ke rerawa ba, a wurinmu ya gama yawo. Kai ka fi kowa zafi a wannan. Na taɓa ganin ka bar soyayyen kifinka a kan tebur ka fice daga shago don kawai an sa irin waƙoƙin nan masu zaƙi a rediyo.

Kai ne kuma ka kafa mana babbar ƙa'idar: duk abin da za a yi da sunan ƙungiya, in mutum ɗaya ya ce a'a, magana ta mutu, ba a tambayarsa dalili. Kai ka fara amfani da ita. Wani kamfanin giya ya so ya ɗauki nauyin yawon wasanmu a lokacin da muke kwana cikin tsohuwar motar Pybus, mu uku muka ce to, ka ce a'a. Pybus ya dube ka ya ce, “Kai dai Allah ya shirye ka. Mutuncin nan naka, da gishiri ake cin sa ko da miya?” Ka ce masa, “Haka nan ake haɗiyarsa, ɗan banza, tuƙa mu tafi.” Muka tafi da yunwarmu, kuma a ƙasan zuciya muna alfahari da kai.

Kana da alheri, ba zan ɓoye ba. A wancan zamanin mace mai buga ganga abin kallo ce. Duk garin da muka je sai mai kula da lasifika ya tambaye ni budurwar wa ce ni a cikinku. Wata rana a Aberdeen wani ya ce in matsa gefe kada in taka waya, ka ajiye jitarka ka ce masa, “Malam, ita ce mai ƙungiyar, mu 'yan rakiya ne. In ta ɓata rai babu wasa yau.” Daga wannan garin ne ka tuƙo mu ba tsayawa don Duncan ya riski haihuwar 'yarsa ta fari, alhali ko lasisinka bai yi wata ba. Ko bayan ka yi suna, da matar Pybus ta kwanta rashin lafiya, ka zo ba mai ɗaukar hoto, ba ɗan rakiya, ka zauna kana karanta mata jarida kana kwaikwayon muryar 'yan siyasa har ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Babu jaridar da ta san wannan.

Amma alherinka mafi girma a gidanmu ka yi shi. Cikin hunturun shekarar da muka fara wasa, igiyar ruwa ta ɗauke yayana Malcolm daga kan jirgin kamun kifi. Ba a ga gawarsa ba. Ba mu yi jana'iza ba, ba mu da wurin da za mu je mu tsaya mu ce ga shi nan kwance. Mama ta daina fita, ta daina cin abinci in ba an matsa mata ba. Bayan wasu makonni ka zo da jita a hannu, ka zauna a ɗakin girkinmu, ka ce, “Mama, na yi wa Malcolm wani abu, ban san ko ya yi ba.” Ka rera. Ba waƙa ce mai kwalliya ba. Ka kira sunansa, ka ce an bar masa fitila a taga, ka ce ya dawo shayinsa na hucewa. A ranar Mama ta yi kukan da ta kasa yi tun da labarin ya zo. Da ta share hawaye ta riƙe hannunka ta ce, “Ɗana, Malcolm ba shi da kabari, wannan ce kabarinsa. Ku rera ta duk inda kuke so, amma kada ku sa ta a faifai. Ba na son a sayar da ita.” Ka ce, “Har abada, Mama.” Ina tsaye a bakin murhu na ji da kunnena.

Haka ta zama waƙarmu ta rufewa. In wasa ya zo ƙarshe sai mu kashe lasifika duka, mu sauko cikin mutane, ni da ƙaramar ganga ɗaya, kai da muryarka. Masu zuwa da ƙananan rikoda suna ɗaukar wasanmu, kuma ba mu taɓa hana su ba, amma da zarar an kashe lasifika kowa ya kashe nasa. Ba mu muke tsare wannan ba, jama'a ne. Na ga ƙattin da ba su san juna ba sun karɓe kaset daga hannun wani baƙo da ya ƙi ji, suka zare zaren suka mayar masa da kwankon cikin ladabi. Wanda yake son jin waƙar Malcolm sai ya zo da ƙafarsa. Mutane suka riƙa zuwa daga nesa don ita, kuma da yawansu suna da nasu wanda ruwa ya ci.

Sai mutanen Landan suka gano muryarka. Dole su gano ta, irin wannan murya ba ta ɓoyuwa a saman mashaya. Ranar da ka faɗa mana za ka tafi, a bakin ruwa muke zaune, ka kasa kallon kowa. Ka ce, “Lorraine, shekara takwas ina yi wa fuskoki iri ɗaya waƙa. Na san sunan karnukansu. Ina so in ji mai share titi yana rera abin da na yi. Laifi ne?” Na ce ba laifi ba ne. Har yau ina kan wannan magana. Masu zaginka a lokacin, waɗanda suka fasa faifanmu suka rubuta “maci amana” a bangon mashaya, ban taɓa bin bayansu ba. Yawancinsu 'ya'yan masu hali ne da suka zo jami'a, suka ɗanɗana talauci shekara uku don nishaɗi, suka koma gida suka ɗaura laktaye. Su ke son ka mutu da yunwa don su ji daɗin cewa sun san wani mawaƙi da ba kowa ya sani ba. Yanzu su ne a gaba wajen rubuta ta'aziyyarka. Ni ban ji haushin kwat ɗinka mai ƙyalli ba, ban ji haushin gashin da aka gyara maka ba, ko injin da aka sa ya maye gurbina a ganga. Na yi maka dariya dai, don rawa ba ta taɓa karɓarka ba.

Abin da ya raba mu ya zo bayan shekara ɗaya. Faifanka na farko bai yi kasuwa ba, kamfani ya fara juya maka baya, suka ce kawo waƙar da za ta shiga kowane gida. Ka duba abin da kake da shi, ka miƙa musu waƙar Malcolm. Aka zuba mata goge da muryoyin 'yan mata, aka yi mata sauri don a iya rawa. Ka cire sunan yayana, ka sa sunan wata mace da ba a taɓa haifa ba. Fitilar da aka bari a taga ta zama ta saurayi mai jiran budurwa. Ba ka kira ni ba, ba ka kira Pybus ko Duncan ba, don ka san akwai mai cewa a'a.

A babban kanti Mama ta ji ta. Muna tare, tana zaɓen kabeji. Da kiɗan ya fara ta ɗaga kai tana murmushi, don ta gane muryarka. Da aka zo wurin sunan, murmushin ya tsaya. Ta ajiye kabejin ta ce mini, “Lorraine, wace ce wannan da aka ba ta wurin ɗana?” Muka bar kwandon cefanen a nan muka fita. Waƙar ta yi watanni tana kan gaba a ƙasar nan. Aka riƙa sa ta a bikin aure, a tallar turare, a motar haya, a ɗakin jiran likitan haƙori. Mama ta cire wayar rediyonta daga bango, kuma har ta bar duniya ba ta mayar ba. Duk da haka ba ta taɓa zaginka ba. In na fara sai ta ce, “Bar shi, yunwa ce ta sa shi.” Ni na san ba yunwa ba ce. Ka ji yunwa a baya ba ka sayar da komai ba. Tsoro ne, tsoron kada ka dawo Hull a ce ka je ka kasa.

Ka zo jana'izar Mama, ka tsaya a bayan coci da baƙin tabarau. Na gan ka. Ban yi maka magana ba, kuma ban yi nadamar hakan ba.

Shekaru suka wuce. A farkon bana ka kira ni. Ka ce ka gaji da manyan filaye inda ba ka ganin fuskar kowa, kana so mu huɗu mu koma ɗakin sama sau ɗaya, ranar Lahadi da rana, mu da tsofaffin mutanenmu kawai. Ka ce kana so ka rera waƙar yadda take, da sunan mai ita. Na ce, “Da kyamara nawa?” Ka ce, “Haba Lorraine. Ko ɗaya. Ba kamfani, ba ɗan jarida, wayoyin mutane ma a kwando za a tara su a bakin ƙofa. Na rantse da kabarin Mama.” Daga baya na ce to. Na sauko da ganguna daga saman kabad, na yi makonni ina gwaji, kafaɗata na ciwo, maƙwabta na buga mini bango. Na ji kamar an cire mini wani dutse da na saba ɗauka har na manta yana da nauyi.

Wasan ya yi kyau. Duk mun tsufa, Pybus da tumbi, Duncan da na'urar ji a kunne, mutanenmu wasu da sanda. Ka rame, amma na ɗauka irin ramar masu kuɗi ce. Da ƙarshe ya zo muka kashe lasifika muka sauko. Ka kira sunan Malcolm a ɗakin nan, karo na farko cikin shekara talatin. A ranar na yafe maka. Na faɗa maka ma, a kan matakala, ka rungume ni ka ƙi sakina. Ashe a daidai lokacin akwai ƙananan makirufo a maƙale cikin silin, waɗanda wani ma'aikacin kamfaninka ya dasa da safe, wanda ka ce wa masu mashaya mai gyaran wuta ne. Ka karɓi yafiyata kana sane da abin da ke saman kanmu.

Philippa ce ta faɗa mini duk wannan, a falonku, bayan mutane sun watse. Mace ce mai kirki, ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce ka san kwanakinka sun ƙare tun kafin ka kira ni. Ta ce abin da ka fi so shi ne duniya ta ji waƙar da sunan Malcolm, ka mayar da abin da ka ɗauke. Kamfani ya shirya tsaf, suna so su fitar kafin Kirsimeti. Na ce, “To me ya hana shi tambayata?” Ta sunkuyar da kai ta ce, “Ya ce za ki ce a'a.” Sannan ta ce a asibiti, ana saura kaɗan, ka ce mata kada a fitar sai an tambayi mu uku, kuma in ɗaya ya ƙi, magana ta mutu.

Ta kunna mini faifan. Na saurara sau ɗaya. Ba zan yi ƙarya ba, ba ka taɓa yin waƙa mai kyan wannan ba. Numfashinka ba ya kai ka ƙarshen baiti, sai mutane su ɗauka su ƙarasa maka. Na ji gangata tana rage sauri tana jiran ka, abin da ban san na yi ba a ranar. Hannuna ya gane ba ka da lafiya, ni ban gane ba. Na yi kuka a gaban matarka har ta kawo mini ruwa.

Pybus ya ce a fitar. Duncan ma haka. Pybus har gida ya same ni, ya tsaya a bakin ƙofa da kayan aikinsa na direban bas, ya ce, “Haba 'yar'uwa, mutumin nan ya mutu fa. Da gawa za ki yi rigima? Gyara ya so yi.” Na ce masa na sani. Na san gyara ka so yi. Amma duba yadda ka yi shi, Nev. Karo na farko ka yanke shawara kai kaɗai cewa waƙar ta fi ƙarfin ɗakinmu. Karo na biyu ka sake yankewa kai kaɗai cewa ga yadda za a biya mu. Duka biyun ka san akwai mai cewa a'a, sai ka zagaye ta. Ba ka tuna da ƙa'idar da ka kafa ba sai da ka tabbata ba za ka kasance a wurin ba lokacin da za a yi amfani da ita. Ka tafi ka bar ni da zaɓi biyu: ko in karya alkawarin da aka yi wa uwata, ko in zama matar da ta hana 'ya'yanka da masoyanka muryarka ta ƙarshe. Wannan ya fi na farko yi mini ciwo, don na farko saurayi ne mai tsoro ya yi shi, wannan kuwa dattijo ne ya dubi idona ya rantse.

Na san kuma abin da zai biyo baya in na yarda. Za a sa hotonka kana rame a jikin kwali. Za a yi hira da ni a talabijin a ce in ba da labarin yayana, a saka kiɗan tausayi a ƙasa. Kafin bazara sunan Malcolm zai riƙa fita daga lasifikar kanti, tsakanin tallar sabulu da sanarwar an rage kuɗin kaza. Sunansa bai ɓata ba balle a nemo shi. Yana wurin waɗanda suka hau matakalar nan da ƙafarsu, kuma ranar Lahadin nan ka mayar da shi inda yake. Da ka tsaya a nan, da ka gama biya.

Philippa, amsata ita ce a'a. Ki riƙe faifan, ke da 'ya'yanku Imogen da Tess, ku saurari mahaifinsu a gida duk lokacin da kewa ta dame ku, ba ni da hurumin hana ku wannan. Amma kada ya fita daga gidan. Na san zan sha zagi, na san Pybus zai daɗe bai gaishe ni ba, kuma na san na ƙara muku baƙin ciki a kan wanda kuke ciki. Ku yi haƙuri da ni.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ku, da ƙanwarsa Glenys, da Pybus da Duncan, da duk wanda muryar nan ta taɓa ɗebe masa kewa, ko a saman mashaya ya ji ta ko a babban fili. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya raya 'ya'yansa, ya sa su gaji alherinsa. Kai kuma Nev, abokina, ɗan da Mama ta ƙara a kan nata, Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta, ya saka maka da abin da ka yi mata a ɗakin girkin nan ranar da babu wanda ya iya yi mata komai. Allah ya gafarta maka kurakuranka duka, har da wannan. Ni na yafe maka sau ɗaya a kan matakala, ban san abin da nake yafewa ba. Na biyun ina roƙon Allah ya ba ni ikonsa kafin in same ka, amma yau ban iya ba.

Lorraine Stathers,
Hull.